Wane ne ɗan Adam ɗin da ke cikin littafin?

A shekarata ta farko a jami'a, kafin mu shiga darussan aikin jarida gadan-gadan, an wajabta mana wani kwas na share fage a ilimin halayyar ɗan Adam. Mun haura ɗari uku a zauren, malami ɗaya, lasifika ɗaya mai yawan shaƙewa. Littafin da aka dogara da shi bugun Amurka ne, mai kauri kamar tubali, kwafi biyu kacal ke yawo a tsakaninmu, sauranmu sai fotokwafi. Wajen tsakiyar zango muka iso babin shaƙuwar jariri da mahaifiyarsa. Littafin ya zayyana siffar uwa tagari: tana kallon jaririnta ido cikin ido, tana yi masa hira, tana kiran sunansa, tana yi masa wasa. Ya kuma yi kashedi game da uwar da ke kau da kai.

Ni ɗan fari ne. Har yau mahaifiyata ba ta taɓa furta sunana na yanka ba. Ba ta yi mini wasa a gaban mutane ba, kuma da aka yaye ni ɗakin kakata aka kai ni. Kowa a gidanmu ya san sunan wannan abu, kunya ce, kuma abin yabo ce. Amma ranar nan na zauna ina bin shafin da ido kamar wanda likita ke karanta wa sakamakon wata cuta da bai san yana ɗauke da ita ba.

Ban ga laifin malamin ba, abin da aka ba shi ya ba mu. Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: da muka ce ilimin halayyar ɗan Adam, wane ɗan Adam ke nan? Amsar tana da tarihi, kuma mafi yawan tarihin a Amurka ya gudana, domin can ne wannan kwas ya zama kasuwa guda. An ƙiyasta ɗalibai tsakanin miliyan 1.2 zuwa 1.6 ke ɗaukarsa kowace shekara a ƙasar, kuma akasarinsu daga shi ba za su ƙara shiga wani aji na fannin ba. Abin da suka ji a wannan zango ɗaya shi za su tafi da shi asibiti da kotu da makaranta da ɗakin labarai, a matsayin abin da kimiyya ta ce game da mutum.

Kusan kowane littafin share fage yana farawa da shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Leipzig ta ƙasar Jamus. Abin da ba kasafai ake gaya wa ɗalibi ba shi ne, Wundt da kansa bai yarda ɗakin gwaji zai iya ɗaukar mutum sukutum ba. A ganinsa na'ura za ta auna saurin ji da gani, amma harshe da al'ada da tatsuniya da addini sai an bi ta tarihin al'ummomi kafin a fahimce su. Daga 1900 zuwa 1920, shekarar rasuwarsa, ya fitar da mujalladi 10 a kan wannan ɓangare. Aikin bai tsira daga ra'ayin zamaninsa ba, domin ya jera al'ummomi hawa-hawa, Turawa a sama. Duk da haka ya san akwai rabin da na'ura ba ta kai gare shi. Ɗaliban Amurka da suka yi karatu a wurinsa sun koma gida da na'urorin, suka bar mujalladan a Jamus.

A can Amurka, William James na Jami'ar Harvard ya wallafa babban littafinsa mai juzu'i biyu a 1890, sannan a 1892 ya taƙaita shi zuwa juzu'i ɗaya don amfanin aji. Daga nan kwas ɗin ya yi ta bunƙasa, kuma tare da shi wata al'ada ta kafu wadda ita ce tushen maganarmu. A jami'o'i da dama, ɗalibin da ke wannan kwas yakan ba da wasu sa'o'i a yi gwaji da shi domin ya cika makinsa. Malami ya sami mutanen gwaji kyauta a bakin ƙofarsa. Sakamakon gwajin ya shiga mujalla, daga mujalla ya shiga littafi, littafin ya dawo hannun ɗaliban shekara mai zuwa, su kuma suka karanta suka ga ai kuwa haka mutum yake, tunda hotonsu ne. Tun 1946 wani masani mai suna Quinn McNemar ya yi shaguɓen cewa kimiyyar halayyar ɗan Adam ta kusa zama kimiyyar halayyar 'yan aji biyu na jami'a. Shekara 40 bayan haka, a 1986, David Sears ya sake yin wannan ƙorafi da alƙaluma. An yi dariya, an gyaɗa kai, an ci gaba.

Ba wai sauran mutanen duniya ba su taɓa shiga littafin ba. Sun shiga, amma ta ƙofar da ba ta da daɗi. A 1917, da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, Robert Yerkes ya jagoranci yi wa sojoji kimanin miliyan 1.75 gwajin basira. Masu iya karatu aka ba su tambayoyi, cikinsu har da na kayan kamfanoni da 'yan wasan ƙwallon gora na Amurka. Marasa karatu da waɗanda ba su jin Ingilishi aka ba su hotuna su faɗi abin da ya ɓace, misali filin wasan tanis da babu raga a tsakiya. Ka ƙaddara manomin da ya sauka daga jirgin ruwa shekaranjiya daga kudancin Italiya, ko baƙar fatan da ya tashi a gonar auduga, an ce ya nemo ragar da bai taɓa gani ba. A 1923 Carl Brigham ya tattara sakamakon ya yanke hukuncin cewa 'yan arewacin Turai sun fi kowa basira, baƙar fata kuma su ne a ƙasa. Alƙalumansa sun nuna ƙarara cewa makin baƙin haure yana ƙaruwa gwargwadon shekarun da suka yi a Amurka, abin da ke nufin sanin ƙasa ake aunawa. Shi kuwa sai ya fassara hakan da cewa baƙin da ke zuwa daga baya sun fi na farko dusashewar kai. A 1924 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta taƙaita shigowar 'yan kudanci da gabashin Turai. A 1930 Brigham ya fito ya janye maganarsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Afirka ma ta sami nata rabon. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani rahoto kan tunanin ɗan Afirka, wanda J. C. Carothers ya rubuta, likitan ƙwaƙwalwa na mulkin mallaka a Kenya, mutumin da ya taɓa kwatanta lafiyayyen ɗan Afirka da Baturen da aka yi wa tiyata aka yanke masa jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. Cikin waɗanda suka mayar masa da martani har da Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara tsarin kula da masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke zaune a gidajen mutanen gari tare da danginsa. Daga baya Lambo ya zama mataimakin babban daraktan wannan hukuma da ta buga rahoton Carothers.

Juyin ya faro ne a shekarun 1960, kuma ya taso ta fuska biyu waɗanda ba su cika haɗuwa ba.

Fuska ta farko ita ce ta masu bincike da suka ɗauki gwaje-gwajensu suka fita da su waje. Akwai wani zane da ke cikin kowane littafin share fage: layi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya an yi masa kan kibiya a kowane ƙarshe, ɗayan an buɗe ƙarshensa kamar gwafa. Ido yakan ga mai gwafar ya fi tsawo. An daɗe ana koyar da wannan a matsayin yadda idon kowane mahaluki ke ruɗuwa, ko da yake tun 1898 W. H. R. Rivers na Jami'ar Cambridge ya kai zanen tsibiran mashigin Torres, tsakanin Ostareliya da New Guinea, ya tarar bai ruɗi mutanen wurin kamar yadda ya ruɗi Turawan Ingila ba. A 1966 Marshall Segall da Donald Campbell da Melville Herskovits suka wallafa sakamakon gwaji a al'ummomi fiye da goma, akasarinsu a Afirka. Mutanen Evanston ta jihar Illinois su suka fi kowa ruɗuwa, sai an ƙara wa ɗaya layin kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa kafin su ga sun daidaita. Mafarautan San na hamadar Kalahari kuwa da ƙyar zanen ya taɓa su. Bayanin da masanan suka bayar shi ne, wanda ya tashi cikin duniyar kafinta, ɗakuna masu kusurwa huɗu da tituna miƙaƙƙu, idonsa ya saba karanta kusurwa a matsayin nisa.

Labarin da na fi so a wannan zamani daga Laberiya ya fito. An lura yaran ƙabilar Kpelle suna shan wuya da lissafin makarantar boko, sai aka tura Michael Cole a 1964 ya haɗu da John Gay, daga baya Joseph Glick ya shigo, su gano dalili. Da farko sakamakon ya yi daidai da abin da aka zata, manoman Kpelle sun faɗi gwaje-gwajen da aka zo da su. Sai masanan suka sauya tambaya. Suka zuba shinkafa a kwano suka ce a ƙiyasta gwangwani nawa ne a ciki. Manoman suka yi ta bugawa daidai ko kusa da daidai, Amurkawa masu ilimin jami'a da aka gwada suka yi ta shirme. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo a kasuwar Dawanau ya ga ya kalli buhu ya faɗi tiya nawa ce a ciki ba zai yi mamaki ba.

Glick ya ba da labarin wani gwajin kuma. An baje wa mutanen kaya guda 20, na ci da na aiki da na sawa da mazubai, aka ce su kasa su yadda ya dace. Abin da takardar maki ke jira shi ne abinci gefe guda, kayan aiki gefe guda. Su kuwa sai suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suna cewa haka mai hankali zai yi, tunda da wuƙa ake yanka lemo. Aka yi ta maimaitawa, amsa ɗaya. Da mai gwajin ya gaji sai ya tambaya, to yaya wawa zai kasa su? Nan take aka jera masa abinci gefe, kayan aiki gefe, tsaf yadda takardarsa ke so. Ashe sun san amsar tun farko, raina ta suka yi.

Fuska ta biyu daga cikin gida ta taso, kuma da zafi ta zo. Baƙar fatan Amurka sun daɗe a fannin. Francis Sumner ya sami digirin digirgir tun 1920, kuma binciken Kenneth da Mamie Clark, wanda ya nuna yaran baƙar fata da yawa suna fifita 'yar tsana fara a kan baƙa, ya shiga cikin hujjojin da kotun ƙolin ƙasar ta ambata a 1954 da ta haramta wariya a makarantu. Amma littafin aji bai san da zamansu ba. A 1968, a taron shekara-shekara na ƙungiyar masana fannin ta Amurka, wadda aka fi sani da APA, a birnin San Francisco, wasu daga cikinsu suka ware suka kafa ƙungiyarsu. A 1976 Robert Guthrie ya wallafa tarihin fannin daga mahangarsu, ya sa masa suna Even the Rat Was White, wato hatta ɓeran da ake gwaji da shi fari ne.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu, kuma ya kamata mu ɗan dakata. A 1961 David McClelland na Harvard ya fito da ra'ayin cewa ci gaban tattalin arzikin al'umma yana da nasaba da wani abu da ya kira buƙatar cim ma nasara, wato ƙishin mutum na ya yi fice da ƙoƙarin kansa, kuma ana iya auna wannan ƙishi daga labaran da mutane ke ƙirƙira. Robert LeVine na Jami'ar Chicago ya kawo ma'aunin Nijeriya. Ya sa 'yan makarantar sakandare maza, Hausawa da Ibo da Yarabawa, suka rubuta mafarkansu, aka ƙirga alamun wannan ƙishi a ciki. Ibo suka zo na farko, Yarabawa a tsakiya, Hausawa a ƙarshe. A rubutun da yaran suka yi kan yadda mutum ke zama wani abu kuwa, Hausawa suka fi ambaton biyayya da ladabi. LeVine ya danganta hakan da tsarin barantaka, inda mutum ke hawa ta hanyar yi wa ubangida hidima, yana dogaro da aikin M. G. Smith kan sarautar Zazzau. Littafin, Dreams and Deeds, ya fito a 1966, shekarar juyin mulki biyu da zubar da jini.

Ba na cewa littafin ya haddasa komai, kuma LeVine mutum ne mai taka-tsantsan a rubutunsa. Amma a duba ma'aunin. An ɗauki siffa ɗaya ta himma, wadda ake bayyanawa da baki a kuma jingina wa kai, aka ce ita ce himma. Yaron da aka tarbiyyantar a kan cewa faɗin burinka a fili rashin ta-ido ne, me zai rubuta wa baƙo a takarda? Kuma ina za a ajiye fataken da suka yi ta taka ƙasa daga Kano zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni, ko Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma? In ma'auni bai ga himma a wurin waɗannan ba, sai a binciki ma'aunin. Har yanzu nakan ji 'yan boko, namu da na kudu, suna maimaita wannan jeri na ƙabilu uku a matsayin abin da bincike ya tabbatar, alhali ba su san daga mafarkin 'yan makaranta aka samo shi ba.

Abin sha'awa shi ne, LeVine ɗin nan ne daga baya ya taimaka wajen warware mini matsalar da na shiga a zauren nan. Binciken farko na ido-da-ido kan shaƙuwar jariri da uwa a Afirka aka yi shi. Mary Ainsworth ta bi iyalai 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kampala ta Yuganda a 1954 da 1955. Da ta koma Baltimore ta Amurka sai ta ƙirƙiro gwajin minti 20 a ɗaki: uwa ta fita, baƙuwa ta shigo, uwa ta dawo, a ga yadda jariri zai tarbe ta. Gwajin ne ya shiga littafi, Yuganda ta koma layi ɗaya. Da aka kai gwajin arewacin Jamus, sai kusan rabin jariran suka faɗa rukunin masu kau da kai daga uwa. A Sapporo ta Japan, inda ba a saba barin jariri shi kaɗai ba, da yawansu suka ruɗe har aka kasa rarrashinsu. A 1977 Robert Marvin da LeVine da abokan aikinsu suka wallafa nazarin jarirai 18 na Hausawa. Suka tarar kowane jariri yana da mutum uku ko huɗu da ya shaƙu da su, kuma wadda ya fi jingina da ita ita ce wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba ita ta haife shi ba. A 2016 LeVine da matarsa Sarah suka fitar da wani littafi kan tarbiyya a al'ummomin duniya, inda suka kawo kunyar matan Hausawa a matsayin misalin abin da ka'idar Yamma za ta kira cutarwa, alhali yaran suna girma lafiya lau. Wato amsar tambayata tana nan a rubuce tun kafin a haife ni. Hanyar shiga littafin share fage ce ba ta samu ba.

Yadda al'ada ta shiga littafin daga ƙarshe shi ma abin lura ne. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 masu wallafa suka fara saka ɗan akwati mai launi a gefen shafi, ko babi guda a can ƙarshe wanda zango kan ƙare ba a kai gare shi ba. Babban rubutu yana cewa mutum kaza yake, akwati yana cewa amma a Japan ko a wata ƙabila ta Afirka abin ya ɗan bambanta. Ɗalibi ba wawa ba ne, ya san abin da ke fitowa a jarrabawa. Ya kuma koyi darasin da ba a faɗa ba: akwai mutum, akwai kuma masu al'ada.

A 2002 APA ta amince da ƙa'idojin aiki da mutane masu al'adu daban-daban, kuma ƙa'ida ta farko ba ta yi maganar baƙo ba, ta ce masani ya fara gane cewa shi ma ɗan wata al'ada ne, yana ɗauke da zato da son rai. A 2007 ta wallafa manufofi 10 na karatun digirin farko a fannin. Ta takwas ita ce sanin al'adu da al'ummomin duniya, ta tara kuma fahimtar kai da gina kai. A bugu na 2013 aka mayar da manufofin biyar, da nufin a cuɗa batun al'ada cikin kowane babi maimakon a killace shi. A ganina zaman waɗannan manufofi biyu kafaɗa da kafaɗa shi ne abu mafi ma'ana da tarihin nan ya haifar. Wanda bai taɓa ganin an auna shi da mudun wani ba, ba zai san cewa abin da ke hannunsa mudu ne ba.

Malamai suka samo dabarun aji. Mafi shahara ita ce wadda Manford Kuhn da Thomas McPartland suka ƙirƙiro tun 1954: a ba ɗalibi takarda ya amsa tambayar "wane ne ni?" sau 20. Bayan maƙalar Hazel Markus da Shinobu Kitayama ta 1991, wadda ta bambance mai ganin kansa tsayayye shi kaɗai da mai ganin kansa a sarƙe da jama'arsa, wannan atisaye ya zama ruwan dare. Ba'amurke yakan rubuta halayensa, ni mai fara'a ne, ni mai son kiɗa ne. Wasu kuwa sukan fara da dangantaka, ni ɗan wane ne, ni yayar wance ce.

Sai dai maganin ya zo da tasa cutar. Cikin ɗan lokaci duniya ta rabu gida biyu a kan allo, Yamma masu son kai, sauran duniya masu son jama'a, aka sami sabuwar hadda. Ma'aunin da aka fi jingina da shi, na Geert Hofstede, daga ma'aikatan kamfanin IBM aka tattaro shi, kuma a cikinsa an cure Ghana da Nijeriya da Saliyo wuri ɗaya an ba su maki guda da sunan Afirka ta Yamma. Da aka yi atisayen tambayoyi 20 a Kenya a wani bincike na 1997, makiyayan Masai da Samburu sun amsa da matsayinsu a cikin dangi, amma ɗaliban jami'a na Nairobi sun fi kama da takwarorinsu na Amurka. A 1999 wasu masana biyu na Japan, Takano da Osaka, suka bi binciken da aka yi ta yi kan Japanawa da Amurkawa, suka tarar mafi yawansa bai goyi bayan abin da kowa ya haddace ba. Ko a batun shaƙuwar jarirai, wani nazari na 1988 da ya haɗa ƙasashe 8 ya nuna bambancin da ke cikin ƙasa ɗaya ya fi wanda ke tsakanin ƙasa da ƙasa. Hatta zanen layi biyun nan bai tsira ba: a 2015 masu bincike a Indiya suka nuna shi ga yaran da aka haifa makafi, jim kaɗan bayan an yi musu aikin ido, kuma ya ruɗe su, alhali ba su taɓa ganin aikin kafinta ba. Malamin da ke koyar da bayanin duniyar kafinta a matsayin magana yankakkiya ya maimaita laifin da yake ƙoƙarin gyarawa.

Alƙaluman da suka fi tayar da ƙura sun zo a 2008. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallu shida na fannin daga 2003 zuwa 2007, ya tarar kashi 68 cikin 100 na rukunonin mutanen da aka yi bincike a kansu Amurkawa ne, ƙasar da ba ta kai kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya ba. Afirka ba ta kai kashi 1 ba. A 2010 Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan na Jami'ar British Columbia ta Kanada suka raɗa wa waɗannan mutane laƙabin WEIRD, haruffan farko na 'yan Yamma masu boko da masana'antu da arziki da dimokuraɗiyya, kalmar da kuma a Ingilishi take nufin bambaraƙwai. Hujjarsu ita ce, a gwaje-gwaje da yawa mutumin cikin littafin shi ne a can gefe, sauran duniya ne a tsakiya. Da aka sake ƙidayar a kan shekarun 2014 zuwa 2018, kason Amurka ya ɗan sauka ne kawai, bai bar kashi 60 ba.

Misali biyu sun isa su nuna abin da hakan ke jawowa a babin sanin kai. Littafi yana cewa yaro yakan gane kansa a madubi yana ɗan wata 18 zuwa 24, kuma hujjar ita ce in an shafa masa alama a fuska a ɓoye, zai kai hannu ya taɓa. Tanya Broesch da abokan aikinta suka gwada yara 82 a Kenya, wasunsu har sun kai shekara shida, biyu kacal suka taɓa alamar. Sauran suka daskare suna kallon madubin. Ba mai hankalin da zai ce ɗan shekara shida bai san fuskarsa ba. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne, yaron da aka koya wa kada ya taɓa abin da babba ya ajiye ba zai goge alamar a gaban baƙo ba. A gwajin haƙuri kuwa, inda ake ajiye wa yaro abin kwaɗayi a ce in ya jira minti 10 za a ƙara masa, yaran manoman Nso na Kamaru 'yan shekara huɗu, da aka ajiye musu fanke, kusan kashi 70 cikin 100 suka jira. Yaran Jamus ba su kai kashi 30 ba.

A Oktoban 2021 APA ta nemi afuwa a hukumance kan rawar da ta taka wajen wariyar launin fata. A 2023 kuma jihohin Florida da Texas suka kafa dokokin taƙaita shirye-shiryen da suka shafi bambancin launi da al'ada a jami'o'in gwamnati. Rigimar tana nan da ranta a can.

Mu a nan, tun da aka buɗe sashen farko na fannin a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a 1964, littafin nan muke karantawa, kuma duk wanda ya bi ta kwalejin horon malamai ya sha wani yanki nasa. Matsayinmu ya sha bamban da na ɗalibin Ohio. Shi ana so ya leƙa cikin akwatin gefen shafi, mu a cikin akwatin muke. Kuma ba mu rasa namu kayan awo ba. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wannan ka'idar ɗabi'a ce cikakkiya, da za a iya ajiye ta gefen siffofi biyar ɗin da littafin ke cewa su ne ginshiƙan halin kowane mutum, a tambayi ɗalibai me kowanne ya gani, me ya tsallake. Kunya, alal misali, a wancan ma'aunin ta fi kusa da rauni.

Amma laifi tudu ne. A zauren nan namu akwai Tibi da Bajju da Barebari da Nufawa da Ibo. Akwai wata matar aure 'yar kudu da takan zo da ɗanta na fari, tana kiran sunansa da ƙarfi, tana sumbatarsa a gaban kowa. Na tuna sarai abin da ni da abokaina muka raɗa wa juna game da tarbiyyarta, a makon da nake jin haushin littafin Amurka don ya auna mahaifiyata da mudun da ba nata ba. Ban ga alaƙar abubuwan biyu ba sai bayan shekaru.

Da jarrabawa ta zo, an tambaye mu siffofin uwar da ke haifar da kyakkyawar shaƙuwa. Na rubuta abin da ke littafin, na ci. Bara aka haifa mini ɗan fari. Ranar suna mahaifiyata ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta ƙura masa ido, tana ce masa mijinta, tana yi masa tsiyar ya zo ba ko kuɗin cefane. Ban taɓa jin wannan murya daga bakinta ba. Da ta miƙo mini shi a gaban 'yan'uwanta, sai na ji hannuna ya yi nauyi, na ce a ba ƙanwata.